Shirun Akuya a Cikin Mota: Abin da Masanan Zariya Suka Gano

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dambatta ran Lahadi, a tsakiyar bazara, ya san yadda a ke lodin dabbobi. In ciniki ya faɗa, dillalai sun karɓi la'adarsu, sai a matso da motoci bakin kara. A kamo akuya ta ƙafa ko ta kunne, a cilla ta sama, ta faɗa bisa 'yan'uwanta. Kuka ya cika wuri, har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Amma in mota ta yi tafiyar yini, ko ta kwana a hanya, aka zo saukewa, sai a tarar garken nan ya yi tsit. Wadda aka sauke ta tsaya inda aka ajiye ta, kai a sunkuye, ko igiya ba ta bukata. Falke ya duba ya ce sun natsu, sun saba da mota.

To, wannan shirun yana cikin abubuwan da waɗansu masana na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka daɗe suna bincike a kai. Babbansu shi ne Shaihun Malami Joseph Olusegun Ayo, na sashen likitancin dabbobi, wanda fanninsa shi ne sanin yadda gaɓoɓin jikin dabba su ke aiki. Abin da shi da abokan aikinsa suka gano kuwa shi ne, shirun nan ba natsuwa ba ce. Alama ce ta jikin da wahala ta ci ƙarfinsa. Sun kuma nuna cewa ana iya auna wannan wahala da lissafi, kamar yadda a ke auna hatsi da mudu.

Ƙasar da dabba ta ke riƙe da gona

Kafin a shiga bayanin binciken, ya kamata a san dalilin da ya sa ya shafi mutanen karkarar Kano ta arewa fiye da kowa. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, ƙasa ce mai yawan jama'a ƙwarai. Gona na manne da gona, ba a barin saura ta huta. Tun a shekarar 1965 wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, da abokin aikinsa Wilson, suka rubuta bayanin wannan yanki a jami'ar Zariya. Manoman nan suna noma gona guda shekara da shekaru ba ta mutu ba, asirin abin kuwa taki ne. Da damina a ɗaure awaki da tumaki a turke, a yanko musu ciyawa. Da rani a ba su harawa da dusa. Takin da suka tara jaki ne zai kai shi gona cikin mangala, shi ne kuma ya saba kai itace birni ya komo da wani takin.

Ban da wannan, akuya ita ce asusun matar aure a ƙauye. Ita a ke sayarwa in biki ya taso, ko ciwo ya sauka, ko hatsi ya ƙare a rumbu kafin kaka. Saboda haka duk abin da ya rage ƙibar dabba ko lafiyarta tsakanin turke da hannun mai saye na ƙarshe, daga aljihun wani ya fita, ko na mai kiwo, ko na falke, ko na mahauci.

Abin da ke gudana cikin jiki

Mahauci mai lura ya san cewa kusa da kowace ƙoda, a cikin kitse, akwai wani ɗan ƙullutu wanda a jikin akuya bai fi ƙwayar wake girma da yawa ba. Likitoci na kiransa adirinal. Ɗan adam ma yana da shi. In tsoro ko zafi ko duka ya sami dabba, sai ƙwaƙwalwa ta aika masa da saƙo, shi kuwa ya zuba waɗansu sinadarai cikin jini.

Na farko sunansa adirinalin, aikinsa na nan take ne. Shi ke sa zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya hau, jini ya bar hanji ya koma wajen tsokar ƙafafu, don dabba ta gudu ko ta yi faɗa. Wani likitan Amurka, Walter Cannon, ya yi bayaninsa cikin littafin da ya fitar a 1915, bayan ya gwada da kyanwoyin da a ke tsorata su da haushin kare.

Na biyu sunansa kotisol, shi ne mai aikin dogon zango. Yana fito da sukari daga ajiyar jiki ya zuba cikin jini, yana kuma dakatar da ayyukan da za su iya jira, watau girma, da ƙiba, da haihuwa, da yaƙi da cuta. In abin na sa'a guda ne, wannan dabara ce mai ceton rai. In ya zama na yini da kwana, sai ta juye ta zama ɓarna.

Wanda ya fara tabbatar da haka shi ne Hans Selye, likita haifaffen birnin Biyana, wanda ya yi aiki a Mantiriyal ta ƙasar Kanada. A shekarar 1936 ya ba da labarin gwajin da ya yi da ɓeraye. Waɗansu ya sa su cikin sanyi mai tsanani, waɗansu ya sa su gudu har suka gaji liƙis, waɗansu ya yi musu allurar abubuwa masu cutarwa. Ko da ya ke wahalar kowanne daban ce, da ya buɗe cikinsu sai ya tarar da abu iri ɗaya: ƙullutun nan na ƙoda ya kumbura, gaɓoɓin da ke tsare jiki daga cuta sun ƙanƙance, ga kuma gyambo a tumbi. Ya ce jiki yana bin mataki uku: na firgita, sa'an nan na jurewa, sa'an nan na ƙarewar ƙarfi. Daga baya ya ari sunan abin daga wurin injiniyoyi, watau kalmar da su ke faɗa wa nauyin da ke danne ƙarfe ko azara. Da Hausa sai a ce matsi.

Yadda a ke auna hali

Dabba ba ta magana, balle a tambaye ta inda ke mata ciwo. Don haka masana suka ƙago hanyar karanta halinta da ƙidaya. A shekarar 1934 wani Ba'amurke, Calvin Hall, ya riƙa sa ɓera cikin wani fili da aka kewaye, ya ƙirga yawan motsinsa da yawan kashin da ya yi don tsoro. Daga irin wannan gwaji aka sami wani fanni na ilmin magunguna, wanda aikinsa shi ne a ba dabba magani, a duba yadda halinta ya sāke. Magungunan kwantar da hankali irin su Valium, wanda ya fito kasuwa a 1963, da halin ɓeraye da kyanwoyi aka fara gane aikinsu tun ba a ba mutum ba.

Abin da masanan Zariya suka yi shi ne, suka fitar da wannan awo daga ɗakin gwaji, suka kai shi bisa titi, cikin zafin bazarar Arewa, a kan dabbobin da talakawa ke kiwo. Awakin da suka fi gwaji da su kuwa jajayen nan ne na Sakkwato, waɗanda a Nijar a ke ce musu na Maraɗi.

Gwajin awaki 17

A shekarar 2006 Shaihun Malami Ayo, da N. S. Minka, da M. Mamman suka buga sakamakon wani gwaji cikin wata mujallar likitocin dabbobi ta ƙasar Koriya. Sun ɗauki awaki 17, suka kasa su biyu. Guda 10 aka ɗura musu bitamin C kafin a loda su, miligiram 100 ga kowane kilo na nauyin jiki, watau akuya mai kilo 20 ta sami giram 2 ke nan. Sauran 7 ruwa zalla aka ɗura musu. Sa'an nan aka yi tafiyar awa 8 da su duka cikin mota, a lokacin bazara.

Awon da aka yi mai sauƙi ne. A ɗora akuya bisa sikeli, a duba yadda ta ke yi, a ba ta maki daga 1 zuwa 4. Wadda ta tsaya ƙyam ba motsi, maki 1. Wadda ta yi ta fizge-fizge tana neman kuɓucewa, maki 4. Aka yi haka sau uku: kafin tafiya, da saukowa, da kuma bayan awa 3 da saukowa.

Da aka sauke su, makin dukansu ya faɗi, amma na waɗanda suka sha ruwa kaɗai ya fi faɗuwa. Bayan awa 3, waɗanda suka sha bitamin sun koma kamar yadda su ke kafin tafiya, da kuzarinsu da gardamarsu. Waɗancan kuwa har a lokacin jikinsu a mace ya ke. Masanan suka ce tafiyar mota tana jefa akuya cikin mutuwar jiki, bitamin ɗin kuwa yana taimaka mata ta farfaɗo da wuri.

A nan mai karatu zai lura da wani abu. Akuya mai lafiya ita ce mai gardama, mai kuka, mai jan igiya. Wadda a ke yaba wa da ladabi bayan doguwar tafiya, ita ce ta kusa mataki na uku cikin matakan Selye.

Me ya haɗa bitamin da ƙoda?

Mai tambaya zai ce, ina ruwan abin da a ke samu cikin lemo da gwaiba da 'ya'yan kuka da wahalar mota? Amsar tana cikin tarihin bitamin ɗin kansa. Albert Szent-Györgyi, mutumin ƙasar Hangari, wanda ya fara tace shi a 1928, daga ƙullutun ƙodar shanu ya fitar da shi, domin wurin yana cikin sassan jiki da suka fi tara shi. An ba shi lambar girma ta Nobel a 1937. Daga baya aka gano cewa duk sa'ad da matsi ya taso, ƙullutun ya kama aiki, sai ajiyar bitamin da ke cikinsa ta ragu.

Har wa yau, zafi da aikin ƙarfi suna haifar da waɗansu abubuwa cikin jiki masu cin bangon ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Bitamin C yana cikin masu kashe kaifinsu. Gaskiya ne akuya da jaki da saniya suna yin nasu bitamin a hanta, ba kamar ɗan adam ba, wanda tilas sai ya ci cikin abinci. Amma hujjar masanan ita ce, a ranar wahala abin da hanta ke yi ba ya isa.

Sun gwada wannan a jikin jakai. Akwai wani awo da a ke yi: a ɗebi jini, a zuba jajayen ƙwayoyinsa cikin ruwan gishiri, ana rage gishirin sannu sannu, a ga inda za su fara fashewa. Ƙwayar da bangonta ya raunana ita ke riga fashewa. A shekarar 2012 F. Olaifa da Ayo da abokansu suka ba da labari, cikin wata mujalla ta Afirka ta Kudu, cewa ɗaukar kaya yana sa ƙwayoyin jinin jaki saurin fashewa, bitamin C kuwa yana rage wannan.

Inuwa ga jaki, ƙaho ga sa

Ba duk binciken ne a kan magani ba. A shekarar 2007 Minka da Ayo suka buga wani a ƙasar Japan, a kan jakai masu ɗaukar kaya da bazara. Waɗansu aka ba su inuwa, waɗansu aka bar su a rana, ana auna zafin jikinsu, da numfashinsu, da bugun zuciyarsu, ana kuma duban halinsu. Na inuwa suka fi samun sauƙi, suka kuma fi kyawun aiki. Wanda ya san cewa zafin Kano a watan Afrilu yakan kai digiri 40, ya kuma san yadda a ke ɗaure jaki a bakin kasuwa tun hantsi har la'asar, zai gane cewa gindin darbejiya ko rumfar kara magani ne wanda ba a biyan ko kwabo.

A wannan shekara dai suka duba raunukan da shanu ke ji wajen lodi da tafiya. Masu manyan ƙahoni, irin su Rahaji, su suka fi jin ciwo. A zamanin da, shanun Arewa da ƙafa su ke gangarawa Kudu, suna kiwo suna shan ruwa a hanya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka riƙa loda waɗansu a tarago. Yanzu tirela ce ke ɗaukar mafi yawansu, daga Kano zuwa Ikko kuwa tafiya ce ta wajen kilomita 1,000.

Inda asarar ta ke fitowa

Asara ta farko ta nauyi ce. Dabbar da ke cikin mota ba ci ba sha tana ta zubar da ruwan jikinta ta fitsari da kashi da haki. Ta isa kasuwa ciki a lafe, ido a zurme, mai saye ya taya ta da arha.

Ta biyu ta nama ce. Tsoka tana da ajiyar sukari, wadda bayan yanka ta ke juyewa ta ba nama ɗan tsamin da ke sa shi ja mai kyau, ya kuma jinkirta ruɓarsa. In wahala ta cinye ajiyar nan tun dabba na da rai, sai naman ya fito baƙi-baƙi, ya yi saurin lalacewa a teburin mahauci.

Ta uku ta fata ce. Fatar jar akuya ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Ƙujewa da sukar ƙaho da ba a gani cikin gashi, a hannun majemi su ke bayyana.

Ta huɗu ta cuta ce. Tun da kotisol yana rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta, sau da yawa ciwon huhu yakan kama dabba 'yan kwanaki bayan tafiya. Mai saye ya ce an sayar masa da mara lafiya, mai sayarwa ya rantse lafiya lau ya loda ta, alhali kowannensu gaskiya ya faɗa.

Akwai kuma wadda malamai suka fi kowa sani. Dabbar da gurguntarta ta bayyana, ko ciwonta, ko ramarta ta yi tsanani, ko ta rasa ido, ba ta isar wa layya. A mazhabar Malikiyya har mai karyayyen ƙaho, in yana zubar da jini. Ragon da aka yi wata shida ana turkarsa yana iya rasa wannan daraja cikin dare ɗaya a bayan mota.

Iyakar maganin

Amma fa kada a ɗauka an sami laya. Awaki 17 ba su da yawa, gwajin kuma na awa 8 ne, ba na kwana biyu ba. Bitamin ba ya ƙara faɗin mota, ba ya zama ruwan sha, ba ya ɗinke ƙafar da ta karye. Wanda zai ba dabbarsa, ya nemi shawarar malamin dabbobi tukuna.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne a nemi shirun dabba da maganin barci. Dabbar da aka bugar ba ta iya tsayuwa da ƙafafunta in mota ta yi kwana. Ta faɗi, 'yan'uwanta su tattake ta. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2007 ta hana ba dabbobi irin wannan magani wajen tafiya, sai in ya zama tilas, a kuma hannun likita. Dokar ta ce manyan shanu da tumaki da awaki, in sun yi awa 14 a hanya, a tsaya aƙalla awa 1 a shayar da su. In sun ƙara awa 14, a sauke su su huta awa 24. Amurka ma tun 1873 ta yi dokar da ta hana a wuce awa 28 da dabbobi a jirgin ƙasa ba a sauke su ba.

Abin da falke zai iya yi da hannunsa sananne ne. A shayar da dabba kafin lodi. A yi lodi da sanyin safiya ko na yamma. A matsa mota jikin tudu dabba ta taka ta hau, maimakon a cilla ta. A ajiye sanda. A raba manya da ƙanana, masu ƙaho da marasa ƙaho. A zuba yashi a ƙasan mota don santsi. Kada a tsaya a rana da kaya a ciki, gama motar da ke tsaye ta fi mai tafiya zafi. In an isa, a ba su ruwa da inuwa da hutu kafin a kai su kara ko mahauta.

Mai kora ma jiki gare shi

Ƙullutun nan da ke jikin akuya, irinsa ne ke jikin direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, da ɗan lodi, da ɗan ƙwadagon da ke huɗa tun asuba. Da yawa cikin samari sun koma shan ƙwayar taramol don su daina jin gajiya. Ƙwayar tana toshe jin zafi ne kawai, alhali ɓarnar tana nan tana ci. Ga kamu, wanda ya saba ba ya iya bari, ga shi kuma in ta yi yawa takan kawo farfaɗiya. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda shansa ya yaɗu, musamman a Arewa. Mas'alar dai guda ce da ta dabba: maganin da ya taimaki jiki ya farfaɗo daban, wanda ya rufe masa baki daban.

Hausawa sun ce jiki magayi. Aikin da Shaihun Malami Ayo da abokansa suka yi shi ne koyon jin abin da jikin dabba ke gayarwa, da sikeli, da ma'aunin zafi, da ƙirga maki. Falken da ya sauke garkensa ya ji sun yi tsit, kada ya yi murna tukuna. Ya nemo ruwa, ya kai su inuwa, ya jira har ya ji sun soma kuka suna jan igiya. Sa'an nan ne ya san dukiyarsa ta iso lafiya.